A Garin da Waƙa Ke da Takarda

Tun a filin jirgi Nashville ta gaya mini sana'arta. Ina janye da akwati, ƙafafu sun kumbura saboda doguwar tafiya daga Legas zuwa Atlanta da ɗan guntun tashin da ya biyo baya, sai na ji kiɗa. Da na karya kwana sai ga mutum a kan wani ɗan dandamali, da malafa irin ta makiyayan Amurka, rungume da jita, yana waƙa haiƙan. Ba sanƙira, ba 'yan amshi, ba mai liƙi. Na ja na tsaya ina jiran ya hango wani mai ƙumbar susa cikin matafiya, ya kama sunansa ya shiga wasa shi. Har ya kai aya bai ambaci kowa ba. Mijin ƙanwata da ya zo tarbata ya karɓi akwatin yana dariya.

"Malam, wannan a bakin aiki yake," in ji shi. "Akwai wanda ya sa sunansa a jadawali. In lokacinsa ya cika ya sauka, wani ya hau."

Ni kuwa ba baƙon waƙa ba ne. Wanda ya tashi a ƙasar Pauwa, tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a inuwar Alhaji Mamman Shata ya tashi, tunda Funtuwa, inda ya yi dogon zama, nan ce kasuwarmu kuma nan ce tasharmu. Mun san yadda mawaƙi ke cin abinci. Ya yi wa mutum waƙa, mutum ya ba da riga ko doki ko mota ko kujerar Makka, a fitar wa makaɗa da 'yan amshi nasu kason, gobe a nufi wani gari. Waƙar da aka yi jiya kuwa ta zama ta kowa: mai shayi ya sa ta, direba ya sa ta, mai biki ya sa ta, ba wanda ya taɓa jin ana binsa bashi.

Gidan ƙanwata yana kudancin birnin, kusa da wani dogon titi mai suna Nolensville Pike. Nan na fara shan mamaki na biyu, don na zaci zan sha wahalar nama da masallaci. Ashe Nashville ce ta fi kowane gari a Amurka tarin Kurdawa, kuma unguwarsu ke nan. Ga mahauta masu yankan Musulunci, ga masu gasa gurasa mai zafi, ga masallacinsu na Salahadeen. Sanyin ƙarshen hunturu ne kaɗai ya ƙi yi mini kara.

Na tarar da gidan a tsaye kan ƙafa ɗaya. Babbar ɗiyarsu tana ajin ƙarshe na sakandare, ta aika takardun neman gurbi jami'o'i, ana jiran amsa. Ko ana cin abinci wayarta na gefen faranti, in ta yi ƙara kowa ya dakata da loma. Na tambayi abin da take son karanta, ina sa ran jin likitanci ko haɗa magunguna, kamar yadda 'ya'yan mutanenmu na can suka saba.

"Kasuwancin waƙa, Kawu."

Na dubi uwarta. Ta kawar da kai ta ce, "Yaya, kada ka dube ni. Kuma ba waƙar za ta yi ba. Wannan muryar tata ko tallar ƙosai ba ta sayarwa."

"To me ake karantawa a ciki?"

"Hanyar da kuɗi ke bi," in ji yarinyar, da Hausarta mai ɗan tauri, "daga kunnen wanda ya saurara zuwa aljihun wanda ya rubuta."

A daren nan ta buɗe mini kwamfuta ta nuna mini yadda ake neman jami'a a ƙasar. Babu wata jarrabawa guda da ke yanke wa yaro hukunci. Akwai fom ɗaya na intanet, Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓa, sai ka cike shi ka aika wa waɗanda ka zaɓa. Makarantarka ta tura sakamakonka na shekara huɗu, malamai su rubuta wasiƙar shaida a kanka ba tare da ka gani ba, sannan kai kuma ka rubuta labarin kanka cikin kalmomin da ba su wuce 650 ba. Nan na yi turus. Mu da aka raine mu da cewa yabon kai jahilci ne, ga ƙasar da ake cewa yaro ɗan shekara 17 ya zauna ya faɗi abin da ya sa ya fi dacewa. Na ce ta karanta mini nata. Ashe ba yabon kai ba ne. Labarin zuwanta gida ta bayar, ranar da aka kai ta kasuwar Sheme ta ga wani yaro a ƙarƙashin laima da kwamfuta, yana cika wa mutane memori da waƙoƙi a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Ta tambaye shi nawa ke isa hannun mawaƙan. Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji tambayar 'yar Amurka.

Jira kam jira ne, ko a ina. Amma da na ga tana latsa waya tana duba shafin kowace jami'a daga kan kujerar falo, sai na tuna namu yaran. Su zauna JAMB, su je jarrabawar tantancewa Zariya ko Dutsin-Ma ko Katsina, sannan su shiga zaryar shagon kwamfuta suna duba shafin CAPS ko an ba su. Na tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda 'yan bindiga, yaro sai ya hau mota ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu sabis ɗin da zai duba sunansa. Da na ba ta wannan labari ba ta ce komai ba, amma ranar ba ta sake yin ƙorafin jinkiri ba.

Jami'ar da ta fi kwanta mata a rai ita ce Belmont, kuma ta nace sai na je na gani da idona. Muka bi ayarin iyaye da yara masu zagayen gani. Wata ɗaliba ce jagora, kuma da baya-baya take tafiya, fuskarta na kallonmu, tana bayani, tana hawa matakala tana sauka ba ta ko waiwaye. Na kasa sauraron rabin abin da take faɗa saboda fargabar za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Aka ce mini haka jagororin jami'o'insu ke yi, har koya musu ake yi.

Wurin ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, gine-gine masu ginshiƙai, ga hasumiya mai ƙararrawa, ga wani tsohon gidan alfarma a tsakiya. Gidan na wata attajira ce, Adelicia Acklen, wadda ta gaji dukiyar mijinta na fari, Isaac Franklin, ɗaya daga cikin manyan dillalan bayi na Amurka. Ba su ɓoye wannan ba. Akwai wurin da suka sassaƙa sunayen bayin da suka yi bauta a gidan. Jami'ar ta Kirista ce, mai zaman kanta, kuma a babban zaurenta aka yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a 2008 tsakanin Obama da McCain, aka sake yi a 2020 tsakanin Trump da Biden.

Amma abin da ya kawo mu daban ne. Tun shekarun 1970 suke koyar da kasuwancin waƙa, yanzu har ya zama tsangaya guda mai ɗauke da sunan Mike Curb, wani mai kamfanin faifai da ya zuba mata dukiya. Na tambaya ko sai yaro ya iya kiɗa ake ɗaukarsa. Aka ce a'a, wannan digirin kasuwanci ne, masu son kiɗa da rera waƙa nasu sashen daban, su ne ake gwada wa murya da hannu. Waɗannan lissafin kuɗi suke koya, da dokar haƙƙin mallaka, da yadda ake karanta yarjejeniya a gano inda aka binne tarko, da talla, da yadda ake fitar da mawaƙi zagayen garuruwa: motoci nawa, masauki nawa, inshora, tikiti, harajin kowace jiha. Ɗalibai da kansu ke shirya manyan wasanni a zauren nan da aka yi muhawara, wannan na kula da fitilu, wannan na ƙofa, wannan na riƙe da littafin kuɗi. Jami'ar ma tana da nata situdiyo a cikin gari, Ocean Way, wanda tsohuwar coci ce aka mayar wurin ɗaukar sauti.

Ina tsaye ina jinjina abin. Duk ayyukan nan muna da su. Yaron mawaƙi da ke karɓar gayyata ya tsayar da rana, sanƙira da ke tallata shi, amintaccen da ke riƙe jakar kuɗi ya raba bayan wasa. Sai dai mu ba a zuwa makarantarsu, bin ubangida ake yi har a goge, kuma ba uban da ke tashi a taro ya yi alfahari da cewa ɗansa ne mai riƙe wa mawaƙi jaka. A nan kuwa ga iyaye fes-fes, da takardu a hannu, suna tambayar yadda za su biya abin da ya haura dala 40,000 a shekara don ɗansu ya koyi wannan.

Daga ƙofar jami'ar aka gangara da ni Music Row. Na sa ran ganin dogayen benaye. Sai na ga tituna biyu, na 16 da na 17, masu itatuwa da tsofaffin gidajen zama, shiru kamar unguwar ma'aikata da rana tsaka. A cikin gidajen nan ne kamfanonin waƙa suke. A ciyawar ƙofar wasu an kafa manyan ƙyallaye masu hotunan mutane, ana taya su murna. Na ƙura ido ban gane fuska ko ɗaya ba, na ce wa yarinyar waɗannan mawaƙan ba su yi suna ba ke nan.

"Ba mawaƙa ba ne, Kawu. Marubuta ne. Waƙar da suka rubuta ce ta zo ta ɗaya a ƙasa."

Nan ta zaunar da ni a bakin wani dakali ta yi mini karatu, ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan wasu. A wurinsu waƙa kamar gona ce mai takarda, kuma takardun biyu ne. Ta farko ta wanda ya tsara baitoci da karin sauti ce. Ta biyu ta wanda ya mallaki ainihin sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi kamfani ne da ya biya kuɗin aikin. Mai rerawa yana iya zama ba shi da ko ɗaya. Marubutan nan ofis suke zuwa da safe kamar ma'aikatan sakatariya, mutum biyu ko uku su shiga ɗaki da jita da kofi, su fito da waƙa kafin la'asar. Kafin su watse sai sun rubuta a takarda kason kowa, sun sa hannu, tun waƙar ba ta kawo ko sisi ba. Daga nan ƙungiyoyi irin su ASCAP, da aka kafa a 1914, da BMI ta 1939, waɗanda ofisoshinsu ke nan kan titin, su bi gidajen rediyo da talabijin da otal-otal da gidajen abinci suna karɓar kuɗin lasisi, su raba wa masu waƙa gwargwadon yadda aka sa ta. Na ce har mai gidan abinci? Ta ce har shi. Na hango mai shayin bakin tashar Ƙanƙara an miƙa masa takardar biyan kuɗin waƙar da ke tashi a rediyonsa, na yi dariya ni kaɗai.

Wani abin ma ya fi ɗaure mini kai. Gidan rediyo na iska a Amurka marubuci yake biya, ba ya biyan mai rerawa. Muryarka ta cika gari, wani da ba a san fuskarsa ba yana gida yana karɓar cak.

A kan titin nan akwai wani ɗan gini mara fasali, RCA Studio B, da aka gina a 1957, ana shiga da tikiti. Elvis Presley ya ɗauki waƙoƙi sama da 200 a ciki. Ɗaki ne guda, bai fi ajin firamare ba, ƙasansa tayil, ga tsohon fiyano a gefe wanda gefensa ya goge saboda hannaye. A ƙasa an manna alamar gicciye da tef, wai nan ne murya ta fi fita, nan kowane mawaƙi ke tsayawa. A sama akwai fitilu ja da shuɗi da kore da ake canzawa don su dace da yanayin waƙa. Mai yi mana bayani ya kashe fitilun, ya saki wata tsohuwar waƙa da aka ɗauka a ɗakin, wata tsohuwa kusa da ni ta fashe da kuka. Ni ban san waƙar ba, amma tsigar jikina ta tashi.

A ɗakin nan Dolly Parton ta ɗauki wata waƙar bankwana da ta rubuta a 1973. Elvis ya so ya rera ta, manajansa ya ce sai an ba su rabin mallakarta. Ta ƙi, duk da irin girman Elvis a lokacin. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar a wani fim, duniya ta ɗauka, kuɗin marubuciya ya yi ta kwarara wurin Dolly. Kowane ɗalibi a garin ya san labarin nan kamar yadda yaranmu suka san na Bayajida. Suna kuma da kishiyarsa. Taylor Swift, wadda aka gano tana yarinya a wani ɗan gidan waƙa mai kujeru 90 a garin, Bluebird Cafe, ta wayi gari a 2019 an sayar da kamfanin da ke riƙe da sautin kundayenta shida na farko ba da son ranta ba. Sai da ta koma ta sake rera da yawansu daga farko, kafin a 2025 ta saye kayanta da kuɗinta. Takardar da ke tsare mutum ita ce kuma ake yanka shi da ita in bai iya karatunta ba. Don haka ne makarantar take da ɗalibai.

Abin da ya tsaya mini a rai fiye da komai shi ne wata hukuma mai suna MLC, wadda wata dokar 2018 ta haifar, hedikwatarta kuma a Nashville. Da ta fara aiki a 2021, kamfanonin sauraron waƙa ta intanet irin su Spotify suka miƙa mata dala miliyan 424, kuɗin waƙoƙin da aka saurara amma ba a gano masu su ba. Cikin aikin ma'aikatanta har da cigiya. Su bi suna, su bi magada, su ce ga kuɗinku. Ofis guda, da albashi, don neman wanda ake riƙe wa dukiya!

Da daddare na kasa barci ina lissafi. Shata ya rasu a 1999. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, har sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ta ba waƙa kariya shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato nasa sai 2069. Waƙoƙinsa na tashi a rediyo da motoci da YouTube dare da rana. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ta kyauta, amma girmamawa daban, lissafi daban. Kuma ba mutane muka rasa ba. Littafin tarihinsa na 2006, Shata Ikon Allah, cikin marubutansa akwai Ibrahim Sheme da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, 'yan ƙasarmu, waɗanda suka bi gari-gari suna tattara wace waƙa aka yi wa wa, a ina, a wace shekara. Rabin aikin da ake koyarwa a Belmont ke nan, sun yi shi da ƙafarsu da aljihunsu. Ba na raina kyauta da liƙi. Shata bai mutu matalauci ba, kuma Dauda Kahutu Rarara, na nan maƙwabtanmu ƙasar Danja, ya nuna har gobe waƙar manya tana gina gida. Sai dai kyauta ranar da aka yi ta take ƙarewa, kuma sai mawaƙi na raye yana da murya. Matasan da ke situdiyoyin Zoo Road a Kano sun fara cin kuɗin YouTube da Audiomack, amma da yawansu sai an cuce su sau ɗaya suke sanin akwai abin da ake kira yarjejeniya.

An kai ni Broadway da dare, titin da baƙi ke tururuwa. Gidajen giya ne jere, kowanne da makaɗa a bakin taga, ƙara kamar za ta tsaga kai. Ban shiga ba, kuma ban daɗe ba. Abin da na lura daga waje shi ne bokiti da ake zagayawa da shi ana jefa wa makaɗa kuɗi, a jikinsa an manna lambar da ake ɗauka da waya a tura. Ashe su ma suna liƙi, ba dai a goshi ba.

Inda na so in yini shi ne Fisk, jami'ar baƙar fata da aka kafa a 1866, shekara guda bayan an 'yanta bayi. Bayan shekara biyar kuɗi ya ƙare, ana shirin rufe ta. Sai ma'ajin makarantar, George White, ya ɗebi ɗalibai tara, yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa a watan Oktoba na 1871. An hana su masauki a wurare, an yi musu ihu, suka ci gaba. Da suka fara rera waƙoƙin ibada da iyayensu ke yi a gonakin bauta, sai zukata suka karye, kuɗi ya fara shigowa. A 1873 har gaban Sarauniya Victoria ta Ingila suka yi waƙa. Da abin da suka tara aka gina Jubilee Hall, wani jan bene mai hasumiya da aka buɗe a 1876, yana nan tsaye, ɗalibai na kwana a ciki. Na dafa tubalin ginin. Mun saba ganin makarantar da sarki ya gina, ko gwamna, ko attajiri. Wannan maƙogwaron yara ne ya gina ta.

A gidan tarihin kiɗan baƙar fata da aka buɗe a tsakiyar birnin a 2021 kuma na ci karo da ɗan'uwa. Banjo, abin kiɗan da na ɗauka na Turawan ƙauye ne, ashe bayi ne daga Afirka ta Yamma suka zo da iliminsa, kuma na farkonsa ƙwarya ce da fata da sanda da tsirkiya. Na ce wa yarinyar wannan ai gurmi ne ya yi ƙaura. Ta ce ba ta taɓa ganin gurmi ba. Na nemo mata a waya, muka tsaya a tsakiyar gidan tarihi muna kallon mai gurmi, wani ma'aikacin wurin ya leƙo ya tambaye mu sunan abin, ya rubuta a tafin hannunsa.

Amsoshin ba rana ɗaya suka zo ba. Wata jami'a ta New York ta ce ta gode amma babu gurbi, yarinyar ta shige ɗaki ba ta ci tuwon dare ba. Wata ta sa ta a layin jira, ba a ɗauke ka ba, ba a kore ka ba, sai in wani ya fasa. Ta Belmont da yamma ta zo, muna falo. Ta buɗe shafin, sai wasu 'yan takardu masu launi suka yi ta zubowa a fuskar wayar, tun kafin ta karanta ta ƙwalla ƙara. Uwar da ke cewa kada a dube ta ita ta fara rangaɗa guɗa, a unguwar da maƙwabta ba su taɓa jin guɗa ba.

Uban ya yi hamdala, ya ɗauko biro. A can samun gurbi rabin magana ne, sauran rabin wasiƙar tallafi ce, wadda ke faɗin nawa za a rage maka. Akwai kuma jami'ar jiha, MTSU, a Murfreesboro, tafiyar ƙasa da awa ɗaya, wadda sashenta na harkar faifai ya daɗe da yin suna tun shekarun 1970, ita ma ta ɗauke ta, kuɗinta ga ɗan jiha a lokacin wajen dala 10,000 ne. Muka je muka gani: fili fetal, situdiyoyi a cikin makaranta, ga masallaci a garin. Yarinyar ta yaba, amma ta ce daga Belmont da ƙafa ake zuwa kamfanonin da ake koyon aiki. Uban ya ce ƙafa ba ta biyan kuɗin makaranta. Bashin karatu yana da ruwa, shi kuma ba ya so. Tallafin da jihar Tennessee ke ba 'ya'yanta masu ƙoƙari, HOPE, daga kuɗin cacar gwamnati yake fitowa, wannan ma ya ce sai ya tambayi liman ranar Juma'a. Belmont kuma ta ba da wa'adi, 1 ga Mayu, a faɗi ko ita aka zaɓa a ajiye kuɗin kama gurbi.

Ana cikin wannan lissafi ƙanwata ta ce dole a gaya wa Inna, kafin ta ji a bakin wani a ce jikarta ta shiga roƙo a Amurka. Aka yi sa'a sabis ya kama a Sabuwa. Aka sha gaisuwa, aka tambayi kowa da kowa har awaki, sannan ƙanwata ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce yarinya ta samu jami'a, za ta karanta aikin akawu da lauya, amma na mawaƙa.

"Makaɗan can har akawu gare su?" in ji Inna.

Jikar ta karɓi wayar ta yi mata bayani da iyakar Hausarta, cewa duk wanda ya ƙirƙiri waƙa, in an ɗauka an rubuta sunansa, ana biyansa duk lokacin da aka sa ta, har jikokinsa.

Inna ta yi jim. Ta ce to ita ma tana da waƙar daka da ta ƙaga tana amarya, har yau matan unguwa na yin ta a bakin turmi, ba wadda ta taɓa ba ta ko goro.

Yarinyar ta janyo takardar lissafin ubanta ta juya bayanta, ta gyara zama. "Inna, ke kaɗai kika yi ta, ko akwai wadda ta sa baki? In ku biyu ne sai an raba."

"Ni kaɗai na yi abata," in ji Inna. "Kishiyata dai na yi dominta. Ita ko anini kada a ba ta."